Mai ya kama da wuta na watsa ruwa, 'yata ta ƙone a hannu, me zan shafa mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama, don Allah hankalina a tashe yake. Jiya ina suya na bar kasko a kan gas na je ɗauko waya, kafin in dawo man ya kama da wuta, a ruɗe na watsa ruwa sai wutar ta yi sama, man ya fallatsa wa 'yata mai shekara 6 a bayan hannu har yatsu. Maƙwabciyata ta hana ni sa mata ruwa wai zai yi bororo, ta shafa mata makilin da farin ƙwai. Yanzu wajen ya tashi ya ɗuri ruwa. In fasa ne, ko me zan shafa?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba ta lafiya. Kar ki fasa, kar ki ƙara shafa komai, ki ɗauke ta ku tafi asibiti yau ɗin nan. Ƙunar da ta taɓa yatsun yaro ba ta jinyar gida ba ce ko da ƙarama ce, don in fatar ta warke a tattare yatsun na iya ƙagewa.

Maganar wutar kuma, man suya zafinsa yana kai digiri 170 zuwa 190, wanda ya kama da wuta ya haura 300, shi kuwa ruwa a 100 yake tafasa. Da kin watsa sai ya nutse ƙarƙashin man ya zama tururi nan take, ya kumbura ninki kusan 1,700, shi ne ya yi cilli da man yana ci. Abin yi shi ne ki kashe gas, ki zura murfin ƙarfe ki rufe kaskon ki bar shi ya huce. Ban da ɗagawa ki leƙa, ban da ɗaukarsa ki yi waje da gudu.

To amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya a wannan aiki namu na jinyar ƙuna shi ne zancen nan na wai ruwa ke sa bororo. Wa ya faɗa? Zafin da ya shiga fata ne ke kawo bororo, kuma ko an janye hannu daga wuta zafin na nan yana ci gaba da dafa naman ta ciki, ruwan ne kaɗai ke fitar da shi. Minti 20 cur a ƙarƙashin famfo, ruwa mai ɗan sanyi yana zuba, ba a tsoma a cire ba, kuma har cikin awa 3 na farko yana da amfani. Sai ka ga an zuba ruwa a kan mai inda yake jawo bala'i, an hana shi fata inda ake neman sa! Makilin ɗin da ake ji da shi, ɗan sanyi-sanyin sinadarin da ke ciki ne ke yaudarar mutum, ba ya cire zafi ko kaɗan. Ɗanyen ƙwai kuma ƙwayoyin cuta kike ɗora wa buɗaɗɗen ciwo. Wasu gishiri, wasu mai, wasu har toka, kowa ya zama likita a bakin ƙofar kicin. Mu ne za mu zauna muna goge busasshen makilin daga kan ɗanyen ciwo, yaro na ihu uwa ta juya baya tana hawaye, ita mai ba da shawarar tana gidanta, kuma sai mun gama wanke shi tas sannan ake iya ganin zurfin ƙunar. Ƙanƙara ma kar a sa, ƙara kashe fatar take.

Da wajen ya huce a cire zobe ko awarwaro tun kafin ya kumbura, rigar da ta manne kuma kar a ja ta. A shimfiɗa ledar naɗe abinci mai tsafta a kai sako-sako, ban da auduga don mannewa take, sauran jikin yaron a lulluɓe shi kar sanyi ya kama shi. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, ƙafa, al'aura ko kan gaɓa, ko wadda ta yi fari fat ba ta ma zafi, duk asibiti ne kai tsaye.

In kun je ki faɗa musu ainihin abin da aka shafa da lokacin da abin ya faru, kar ki ɓoye don jin kunya, ki kuma riƙo katin rigakafinta don a duba allurar tetanus.