Zauren Tambaya: Wa Ya Yi Wa Duwatsun Ostireliya Fenti?

Wasiƙu uku ne suka haɗu a teburina wannan karon, dukkansu a kan hamadar tsakiyar Ostireliya. Da alama akwai wasu hotuna da ke yawo a wayoyin mutane. Na haɗa su wuri ɗaya don amsar wata tana taimaka wa wata.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A wayar abokina na ga hotunan wasu tsaunuka masu ratsi-ratsi, ja da fari da ruwan ɗorawa, an ce wai a hamadar Ostireliya suke. Ni na ce gaskiya ne, shi ya ce aikin kwamfuta ne, har muka tayar da jijiyar wuya a majalisa. Don Allah a raba mana gardama. In kuwa gaskiya ne, me ya ba su wannan launi? (Daga wani tela a Funtuwa)

AMSA: Wa alaikumus salam. Kai ke da gaskiya, ɗan'uwa, amma kada ka yi saurin komawa majalisa ka yi wa abokinka dariya, don shi ma bai tashi a tutar babu ba. Zan zo kan rabonsa.

Yadda ka siffanta su, na fi zaton tsaunukan da ke kewayen garin Coober Pedy ne ka gani, a jihar Ostireliya ta Kudu, kusan kilomita 850 arewa da birnin Adelaide. Wurare biyu ne suka yi suna a can. Akwai Kanku-Breakaways, kimanin kilomita 30 daga garin, sai kuma wanda Turawa ke kira Painted Desert, a cikin makiyayar Arckaringa, kan hanyar zuwa Oodnadatta. Ba wasu dogayen tsaunuka ba ne. Gajeru ne masu shafaffen kai, sun warwatsu a sarari, kowanne da baƙi-baƙin rawani a sama, ƙasa da shi ja, sai ruwan ɗorawa, sai fari fat a gindi.

Masana ilimin ƙasa sun ƙiyasta cewa sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, teku ce ta mamaye tsakiyar Ostireliya. Ba zato kawai suka yi ba. Masu haƙar ma'adinai a Coober Pedy sukan tono ƙwaryar dodon-koɗi da ƙasusuwan halittun ruwa, a wurin da yau sai a yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Laka ta riƙa kwanciya a ƙasan tekun nan hawa-hawa. Da teku ta janye, lakar ta daskare ta zama dutse mai taushi. Daga nan sai aka shiga wani dogon zamani na zafi da damshi, ruwa yana ratsa dutsen nan a hankali yana wanke shi. Inda ruwa ya kwashe sinadarin ƙarfe kakaf, sai aka bar farar ƙasa zalla. Inda ƙarfen ya je ya taru ya haɗu da iska, sai ya yi tsatsa.

To tsatsar nan ita ce fentin. Dubi kwanon rufin shagonka in ya tsufa: wani wuri ja jawur, wani ruwan ƙasa, inda ruwa ke gangarowa kuma ya yi ratsin ɗorawa. Abu ɗaya ne ke faruwa a jikin dutsen. Tsatsar da ba ta riƙe ruwa ba ita ce ja, wadda ta haɗiye ruwa a jikinta ita ce ruwan ɗorawa. Rawanin saman kuwa wani ɓawo ne mai tsananin tauri, sinadarin silika ya ɗaure yashi da tsakuwa suka zama kamar kankare. Shi ya tsare abin da ke ƙarƙashinsa. Duk inda ɓawon ya fashe, ruwa da iska sun zaizaye ƙasar sun tafi da ita, inda ya tsira kuma sai aka bar tsauni a tsaye da cikinsa a buɗe. Ashe tsaunukan nan ba tasowa suka yi ba, ƙasar da ke kewaye da su ce ta tafi ta bar su. Silikar nan kuma ita ce ta zauna cikin tsagogin dutse ta zama ofal, dutsen ado da aka fara samu a wurin a 1915, wanda saboda shi mutane suka tare a Coober Pedy, har da yawansu suka haƙa gidaje a cikin ƙasa don gudun zafi.

In kuwa hoton da ka gani na wasu mulmulallun duwatsu ne da aka yi wa ɗamara, ruwan lemo da baƙi, ruwan lemo da baƙi, tun daga gindi har ka, to wannan wani wuri ne daban. Bungle Bungle ke nan, a gandun Purnululu, can arewa maso yamma a yankin Kimberley. Ni a ganina ya fi kowanne ban mamaki, domin rabin launinsa mai rai ne. Hawan da ke da yumɓu da yawa yana riƙe damshi, sai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka su bi su lulluɓe shi ya yi duhu. Hawan da ke saurin bushewa ba sa iya zama a kansa, sai tsatsa ta rufe shi. Duka biyun fata ce siririya. In ta ɓare, abin da ke ciki farin dutsen yashi ne mai ruɓushi, shi ya sa ba a yarda kowa ya hau ba. 'Yan asalin yankin sun san wurin tun kaka da kakanni, makiyayan shanu ma sun san shi, amma sauran mutanen Ostireliya sai a 1983 suka waye da shi bayan an nuna shi a talabijin. A 1987 aka mai da shi gandun gwamnati, a 2003 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Yanzu ga rabon abokinka. Masu ɗaukar hoto ba sa zuwa da azahar. Da rana tsaka tsaunukan nan a koɗe suke, launinsu ya dushe, ido ma da ƙyar yake buɗewa don haske. Jira ake yi sai fitowar rana ko faɗuwarta, lokacin da hasken ke ratso iska mai kauri, shuɗin cikinsa ya warwatse a hanya, ja ya iso shi kaɗai ya sauka a kan dutsen da dama ja ne. Mintoci kaɗan ne, kuma su ake ɗauka. Bayan haka da yawa sukan ƙara wa hoton gishiri a kwamfuta kafin su sa a Facebook. Saboda haka in ka ga shunayya mai ƙyalli ko kore shar kamar atamfa, ka ba abokinka gaskiyarsa a wannan hoton. Sai ku raba kuɗin shayin.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina koyar da 'yan aji shida, kuma a littafinmu akwai hoton jan dutsen nan Uluru. Yara sun tambaye ni ko irin dutsen Zuma ne, sun kuma tambayi dalilin da ya sa aka hana hawansa. Na ce su ba ni lokaci. (Daga wata malamar makaranta a Zariya)

AMSA: Barka kadai, Malama, Allah Ya yi wa yaran albarka. A ido sun yi kama, kowanne ya tashi shi kaɗai a sarari, amma asalinsu ba ɗaya ba ne. Zuma narkakken dutse ne da ya huce a cikin ƙasa. Uluru kuwa yashi ne. Kimanin shekara miliyan 550 da suka wuce, koguna suka riƙa kwaso yashi daga wasu manyan tsaunuka suna jibgewa, nauyi ya danne shi ya zama dutse. Daga baya ƙasa ta motsa ta juya shimfiɗun nan suka miƙe kusan tsaye, shi ya sa za ki ga layuka suna gangarowa daga samansa zuwa ƙasa. Tsayinsa daga sarari mita 348, kewayensa kilomita 9.4, kuma abin da ke binne ya fi abin da ido ke gani.

Abin da zai fi burge yara shi ne dutsen ba ja ba ne. Na taɓa bin hanyar da ta zagaye gindinsa da sassafe, fuskata cikin raga saboda ƙudaje, waɗanda ba wanda ke ba da labarinsu a hoto alhali su ne masu tarbar baƙo. Da ka matso kusa sai ka ga jikinsa ba sumul yake ba, ɓawo-ɓawo ne yana ɗagowa, wani kamar tafin hannu, wani ya fi faranti. Inda ɓawon bai daɗe da faɗuwa ba, da cikin kogwannin da ke gindinsa, launin toka ne. Akwai kuma baƙaƙen layuka da suka sauko daga sama, hanyar ruwa ce da gansakuka ta bi. Ranar da aka yi sa'ar ruwan sama, dutsen gaba ɗaya yakan rikiɗe ya yi duhu, ruwa na kwararowa ta kowane kwari. Yamma da shi akwai Kata Tjuta, curin duwatsu 36, wanda mafi tsayinsu ya kai mita 546. Su tsakuwa da manyan duwatsu ne aka cakuɗa, ba yashi ba.

Batun hawa kuma, wurin yana da masu shi. Mutanen Anangu sun yi dubban shekaru a nan kafin wani Bature mai suna William Gosse ya iso a 1873 ya raɗa masa sunan wani babban jami'in gwamnati, Henry Ayers. A al'adarsu kusan kowane kogo da tsagi na dutsen yana da tarihinsa da dokarsa, wasu wuraren na maza ne kaɗai, wasu na mata, har akwai alluna da ke roƙon baƙi kada su ɗauki hoto. Ranar 26 ga Oktoba 1985 gwamnati ta mayar musu da mallakar ƙasar, su kuma suka ba ta hayar shekara 99 ana gudanar da gandun tare. Shekara da shekaru suna roƙon mutane su daina hawa, ba su hana da ƙarfi ba, allo kawai suka kafa a gindin hanyar. Wasu suka ji, wasu suka wuce ta gaban allon suka kama sarƙa suka haye. Sama da mutum 30 sun rasa ransu a hawan, ga ƙazantar da ake bari a sama, ruwa ya wanko ta cikin tafkunan da ke ƙasa. A 2017 hukumar gandun ta yanke shawara baki ɗaya, ranar 26 ga Oktoba 2019 aka rufe hanyar.

Ni dai ban ga abin jayayya a nan ba. Mai gida ya yi shekara 34 yana cewa don Allah, ai ya yi haƙuri. Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda mutane suka yi tururuwa a watannin ƙarshe, layi har ƙasa, kowa na son ya taka kafin a rufe. Sawun masu hawan yana nan har yau, wani farin tabo da ya miƙe a jikin jan dutsen.

TAMBAYA: Gafarta Malam, wai da gaske ne akwai raƙuma da tsofaffin masallatai a cikin wannan hamada? Kuma mutum irina zai iya jure zafinta? (Daga wani mai sayar da dabbobi a Maraɗi)

AMSA: Da gaske ne, Alhaji. Daga wajejen 1860 Turawa suka gane doki ba zai iya da ƙasar nan ba, sai suka shigo da raƙuma tare da masu kora su, Musulmi daga Afghanistan da Balucistan da yankunan da yau suke cikin Pakistan. Su suka yi dakon kayan layin tangaraho da aka gama a 1872, su suka riƙa kai gari da shayi ƙauyukan da ba hanya. Ko Gosse ɗin da na ambata, tare da wani mai raƙumi Kamran ya hau Uluru. Sun gina masallacin ƙasa a Marree, na kwano a Broken Hill, na Adelaide kuwa da aka gina wajejen 1888 har yanzu ana salla a cikinsa. Da mota da jirgin ƙasa suka karɓe aikin bayan 1920, aka saki raƙuman suka shiga daji. Jikokinsu yanzu dubu ɗaruruwa ne, ba mai su, har sun zame wa makiyaya fitina don fasa shinge da ɓata mashaya. Na san zuciyarka ta riga ta fara lissafi, amma kuɗin jirgin ruwa zai cinye ribar. Jirgin ƙasan da ke ratsa hamadar daga Adelaide zuwa Darwin, tafiyar kilomita 2,979, sunansa The Ghan don tunawa da mutanen nan.

Zafi kuwa, mutumin Maraɗi ba baƙonsa ba ne, amma kada ka raina na can. A Oodnadatta an taɓa auna digiri 50.7 ranar 2 ga Janairu 1960. Lokutansu a juye suke da namu: Disamba zuwa Fabrairu ne tsananin zafi, Mayu zuwa Satumba ne lokacin zuwa, kuma a Yuni da Yuli dare yakan yi sanyin da ruwa ke daskarewa. A Kata Tjuta, duk ranar da aka yi hasashen digiri 36, ƙarfe 11 na safe ake rufe doguwar hanyar ƙafa. Hanyar Painted Desert ta ƙasa ce, ruwa kaɗan ke datse ta, kuma sai ka yi tafiya mai nisa waya ba ta kama ba. A can ƙa'idar da ake koya wa kowa ita ce ka ɗauki ruwa fiye da buƙata, ka gaya wa wani inda za ka da ranar dawowa, in mota ta lalace kuma ka zauna kusa da ita, domin masu ceto mota suke fara hangowa daga sama.