Ciyawa, kuɓewa da sanyin Maris: amsoshi ga masu lambu a Ingila

Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ya san Maris da zafin da ke ƙona tafin ƙafa, lokacin sharar gona da kai taki a amalanke kafin ruwan fari. A nan Ingila kuwa Maris wata ne na ƙasa jiƙe sharkaf, ranar hantsi ta yi maka murmushi, da asuba ka tarar raɓa ta daskare a kan ganye. Tambayoyin da 'yan'uwanmu mazauna nan suka aiko mini a makon nan kusan duk ciwonsu ɗaya: hannu na ƙaiƙayin aiki, ƙasa kuma ba ta shirya ba.

Wata baiwar Allah daga Birmingham ta ce ciyawar bayan gidanta ta yi fari-fari, gansakuka ta cinye kusan rabinta, mai gidan hayar kuma ya fara ƙorafi. Shin ta kunna inji ta aske ta ƙasa-ƙasa?

Hajiya, ki dakata tukuna. Ciyawa ba ta fara girma sai ɗumin ƙasa ya haura kamar digiri 6, kuma idan kika taka kika ji ruwa na tsattsafowa a ƙarƙashin takalmi, ranar ba ta aiki ba ce. Ki jira rana busasshiya, ki tsince rassa da ganyen da iska ta zubo, sannan ki ɗaga wuƙar injin zuwa matakinta na sama. Askin farko saisaye ne kawai, kada ki cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawar, ki bar ta a wajen santimita 4. In kika kwashe ta ƙwal, gansakukar kika yi wa gata, don ita inuwa da danshi da ƙasar da ta danƙare take so, ciyawa mai rauni kuma ba ta iya ture ta.

Akwai maganin gansakukar mai sinadarin ƙarfe da ake sayarwa a shagunan kayan lambu. Yana mayar da ita baƙa cikin mako ɗaya zuwa biyu, sai ki bi da manjagara mai siraran haƙora ki kakkaɓe a hankali. Ki kula kada ya zuba a kan daɓen dutse, yana barin tabo kamar tsatsa mai wuyar fita. Sai dai magani ba ya hana ta dawowa in ƙasar na nan yadda take. Ki samu cebur mai yatsu, ki caccaka wurin zurfin santimita 10, ki ɗan girgiza shi kowane caki, iska ta shiga ruwa ya samu hanyar sauka. Wuraren da suka yi sanƙo kuma ki bari sai Afrilu ki yafa musu iri, lokacin da ɗumin ƙasa ya kai digiri 8 zuwa 10. Takin ciyawa ma sai kin ga ta fara tofo da kanta.

Tambayar da ta fi taɓa ni ta wani ɗan'uwa ce a Manchesta. Bayan doguwar jira ya samu fegin lambu daga ƙaramar hukuma, wani maƙwabci ya ba shi kashin doki ɗanye, ga irin kuɓewa da yakuwa da alayyahu da attarugu a hannunsa, yana so ya shuka duka a ƙarshen makon nan.

Malam, na san wannan ɗokin. Shekarata ta farko a fegi na dasa tumatir guda 12 a farkon Mayu, sun yi kore shar har sun kai gwiwa. Dare ɗaya sama ta washe babu gajimare, da safe na same su sun yi baƙi sun lanƙwashe kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Ban ceci ko ɗaya ba. A kudancin Ingila raɓa mai daskarewa takan iya saukowa har tsakiyar Mayu, a wajenku na arewa kuwa gara ka ƙidaya har ƙarshen watan. Duk abin da ka lissafa ɗan ƙasar zafi ne, ba ya jure wannan ko na dare guda.

Fara da ƙasar. Ɗebi dunƙule ka matse a hannu: in ya manne kamar yumɓun maginin tukwane yana sheƙi, kada ka haƙa, don in ta bushe za ta zama hoge mai taurin dutse, ka yi ta fama da shi har kaka. In ya marmashe, bismillah. Kashin dokin nan kuma ka tara shi a gefe ka rufe, ya yi aƙalla wata shida yana ruɓa. Ɗanye yana ƙona saiwa, kuma cike yake da irin ciyayi. Wanda ya nuna baƙi ne, yana marmashewa, warinsa na ƙasa ne. Shi za ka shimfiɗa a saman kunya kaurin santimita 5, tsutsar ƙasa, wato tana, ta ja shi ƙasa da kanta. In kana so ƙasar ta yi saurin ɗumi, ka lulluɓe ta da baƙar leda na mako biyu ko uku.

Abin da za ka iya sakawa a fili yanzu shi ne 'ya'yan albasa, da dankalin Turawa mai saurin nuna daga ƙarshen wata, da wake irin nasu mai faɗin ƙwaya wanda sanyi ba ya damunsa. Kayanmu na gida kuwa a ɗaki za ka rene su. Tumatir a ƙananan tukwane a bakin taga, ƙarshen Maris, a ɗumin digiri 18 zuwa 21. Attarugu ka ɗan makara, a Janairu ko Fabrairu ake fara shi saboda jinkirinsa, amma in ka shuka yau kusa da hita za ka iya samun wani abu. Kuɓewa ba ta son fili a ƙasar nan, sai rumfar gilashi ko ta leda. Alayyahu shi ne mai daɗin sha'ani, ka yafa shi a fili a farkon Yuni ya ba ka ganye har kaka. Yakuwa kuma ka sa ranka a ganyen miya kawai: ba ta fure sai yini ya gajarta, kafin nan sanyi ya riga ya cim mata, don haka zoɓorodo ba zai samu ba. Kafin dashe, ka riƙa fitar da tukwanen da rana kana mayar da su da dare har kwana 10 zuwa 14, su saba da iska.

Wani kuma ya tambayi datse shingen da ya rufe masa taga. Ka leƙa cikinsa da kyau tukuna. Daga Maris zuwa Agusta tsuntsaye ke sheƙa, kuma dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar da ake amfani da ita da gangan. In ka ga tsuntsu na shiga da fita da tsinke a baki, ajiye almakashin sai 'ya'yan sun tashi. Ko ba doka, bai kamata a rushe musu gida ba.

Sai mai kukan cewa wani abu na cinye mata salak da dare, da safe ta ga ganye duk huda da farin yauƙi a ƙasa. Dodon koɗi ne, 'yar'uwa, da ɗan'uwansa marar ƙoƙo a baya, danshin wannan lokacin ne ke fito da su. In kina da tsohon maganin nan mai sinadarin metaldehyde a rumbu, kada ki yi amfani da shi, an hana shi a Birtaniya tun Afrilun 2022 saboda illarsa ga tsuntsaye da bushiya. Ki nemi mai sinadarin ƙarfe, ki barbaɗa kaɗan-kaɗan. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne ajiye guntun katako a tsakanin kunyoyi: su taru a ƙarƙashinsa kafin gari ya waye, ki ɗaga da safe ki kwashe. Ban ruwa kuma ki mayar da shi safiya, don ƙasa ta sha iska kafin magariba.