Ba sai kana da digirin dakta ba

Ɗan'uwa, ka ce kana aikin kwamfuta a Ikeja, kana tsoron mujallun sana'a ba za su karɓi rubutunka ba tunda ba dakta ba ne kai. Cire wannan daga ranka. Mujallu irin su IEEE Software da ISACA Journal suna buga rubutun masu aiki da hannunsu.

Rubutuna na farko wata mujalla ta dawo mini da shi, na cika shi da bayanin littafi. Sai na rubuta yadda muka hana saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis, mutuwa ranar da aka ɗauke wuta, janareta yana tari. Shi aka karɓa.

Karanta ƙa'idojin marubuta a shafinsu tukuna, ka nemi izinin maigidanka kan bayanan kamfani. Tantancewa kan ɗauki watanni, kada ka kai wa wata mujallar kafin su amsa.