Tambaya da Amsa: Ɗana ya gayyace ni ƙauyen Ayilan, wai me zan je in gani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aikin jinya a wani ƙaramin gari a yammacin ƙasar Ayilan kusa da Galway, matarshi ta haihu suna so in je in yi masu wata guda. To ƙawayena sai cewa suke ai can ba birni bane ƙauye ne, daga ruwan sama sai tumaki, wai zaman ɗaki kawai zan je in yi. Dan Allah haka ne? Sannan abinci da sallah fa? Kuma ina da bizar Faransa da bata ƙare ba, zata yi min?
Hajiya, unguwar Birni, Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya.

Bari in fara da biza tunda ita ce zata iya ɓata tafiyar tun daga gida. Ayilan tana cikin Tarayyar Turai amma bata cikin tsarin Shengen, wato tsarin biza ɗaya da yawancin ƙasashen Turai suke amfani da shi, kenan bizar Faransa bata shiga da mutum can, sai an nemi tasu daban, ta gajeren zama wadda bata wuce kwana 90, ɗanki shi zai turo takardar gayyata. Kuma arewacin tsibirin, ɓangaren Belfast, ƙarƙashin Birtaniya yake, babu shinge a hanya amma bizarki bata kai can ba, kar wani ya ce ku leƙa. Kilishi ma ki haƙura Hajiya, nasan da wuya a je ganin ɗa hannu babu kilishin Damagaram, amma dokar Turai ta hana shigo da nama da kayan nono daga waje, ƙwacewa zasu yi a filin jirgi.

To maganar ƙawayenki, ruwa da tumaki kam gaskiya suka faɗa, yammacin ƙasar yana samun ruwa sama da milimita 1000 a shekara kuma ba damina ɗaya yake zuwa ba, yayyafi ne kusan ko wane wata, rana ta fito yanzu anjima a rufe da hadari. Inda suka kuskure shi ne cewa babu abin gani, ni wallahi ƙauyen shi ne ma abin kallon, Dublin babban birninsu birni ne kamar sauran birane. Ki nemi rigar ruwa mai hula da takalmi rufaffe ki fita, lema bata cika amfani ba don iskan teku juyata yake.

Abin da zai fara kama idonki tun a mota shi ne katangun dutse da suka raba gonaki, dutse kan dutse ba siminti ba laka, har kina hango haske ta tsakaninsu, kuma sun yi shekaru aru aru a tsaye don iska yana bi ta ƙofofin ya wuce. Tumaki kuma ko wacce da fenti a baya, wata shuɗi wata ja, shaidar mai ita kenan tunda a kan tsauni sakinsu ake ba makiyayi, a yankin Connemara ma har kan kwalta suke kwanciya direba ya tsaya ya jira. Za ki ga wasu baƙaƙen curi an jingina su uku huɗu suna shan iska a fadama, ƙasa ce da ciyayi suka ruɓe a cikinta dubban shekaru, ana yankota a busar a hura wuta da ita, hayaƙinta yana da wani ƙamshi da in kika shiga ƙauye da yamma shi zaki fara ji.

Sai kangaye, gidajen dutse babu rufi a tsakiyar ciyawa. Wannan ina so ki tsaya ki kalla da kyau, don mutanen nan sun san yunwa. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta ruɓar da dankalin turawa wanda shi ne abincin talaka, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka da Ingila, alhali ana ta fitar da hatsi da shanu daga ƙasar lokacin tana hannun Birtaniya. Kafin yunwar tsibirin ya haura mutum miliyan 8, har yau bai koma wannan adadin ba. Shi yasa in kika ce masu ɗanki ya baro gida neman abinci suna ganewa, kusan ko wane gida yana da wani a waje.

In an samu ranar hutu ɗanki ya kai ki gaɓar Moher a yankin Clare, dutse ne ya miƙe tsaye daga cikin teku har mita 214, ƙasa tekun Atilantika yana ta dukanshi, tsuntsaye suna shawagi ƙasa da ƙafarki, ki tsaya bayan katanga ki ɗaure mayafi sosai. Killarney a kudu akwai tafkuna da keken doki da ake zagayawa da baƙi amma da nisa, in bai samu ba ba komai. Wanda ni nafi so ki gani kuma ba a biyan ko sisi shi ne kasuwar shanu ta mako, kamar dai tamu ta ranar Alhamis sai dai a cikin rumfa ake yi, ana koro saniya ɗaya cikin da'ira da lamba ruwan ɗorawa a kunnenta, nauyinta ya fito a allo, dillali yana zuba magana da sauri kamar ba zai numfasa ba, tsofaffin manoma sun jingina da ƙarfe wani ya ɗan ɗaga yatsa kawai shikenan ya taya.

Zirga zirga dai sai haƙuri, babu kabu-kabu, bas ɗin ƙauye irin Local Link wani wurin sau kaɗan yake zuwa a yini, in ya wuce ya wuce. Hannun hagu suke tuƙi, in zaki tsallaka titi ki fara duba dama. Hanyoyin ƙauye matsattsu ne, kuma direban da bai sanki ba zai ɗaga maki yatsa daga kan sitiyari, gaisuwa ce ki amsa. Kuɗi yuro ne, ɗaya kusan sefa 656, in kina lissafi da kuɗin gida shayi ma ba zaki iya sha ba, ki bar ɗanki ya biya.

Abinci ki kula da kalacin safensu na gargajiya, akwai naman alade da wani baƙin tsiran da ake yi da jini, ko miyar kifi ki sa a tambaya don wasu suna yanka alade a ciki. Kifi da dankali da burodi da man shanu kam sai kin ture, kuma a Galway akwai shagunan naman halal da wurin Juma'a. Wani ƙaramin gari ma Ballyhaunis a yankin Mayo yana da masallaci tun 1987, saboda masu aikin mayankar halal da suka zauna can. Lokutan sallah ne zasu rikita ki, watan Yuni magariba tana kai ƙarfe 10 na dare asuba kuma ta yi sammako sosai, watan Disamba kuwa ƙarfe 4 da ɗan wani abu rana ta faɗi, ki sa a saka maki jadawalin garin a waya. In da zaɓi ki tafi tsakanin Mayu da Satumba, ko a lokacin ma ki sa rigar sanyi biyu a jakar hannu don tun a ƙofar filin jirgi zaki neme su.