Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan hancin ɗanta da ya karkace tun yana ƙarami

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki a kan ɗanki mai shekara 12 wanda ya faɗo daga katanga yana ɗan shekara 6, hancinsa ya karkace, yanzu kuma ƙofa ɗaya ta toshe, yana barci baki buɗe da minshari, kina neman sanin ko tiyata tana gyara wannan, kuma ko lokaci bai ƙure ba. Na kasa wucewa ban ce komai ba, domin abin da kika faɗa game da yaron nan kusan tarihina ne. Ana gyarawa, kuma lokaci bai ƙure ba, ni kaina sai da na zama magidanci aka yi mini aikin. Sai dai ina roƙonki kada ki saurari masu cewa a bar shi zai miƙe da kansa idan ya girma, domin akasin haka ne yake faruwa. Hancin yaro yawancinsa guringuntsi ne, kuma bangon da ya raba ƙofofin biyu shi ne yake jan girman hancin gaba ɗaya, saboda haka idan ya samu rauni da wuri, karkacewar takan ƙara fitowa ne a lokacin balaga, sa'ad da fuska take buɗewa.

Ni ina firamare a nan cikin birnin Katsina muka yi karo da wani yaro a wajen ƙwallo, goshinsa ya sauka a kan hancina. Mahaifinmu yana kudu wajen fatauci, don haka wani ɗan'uwansa da aka bar wa kula da gidan ne ya kai ni wani kemis. Mai kemis ɗin ya danna karan hancin da babban yatsansa har sai da na ga duhu, ya cusa mini auduga, ya ba da ƙwayar rage zafi, ya ce kumburi ne kawai. Bai ko leƙa cikin hancin ba. Da muka koma gida mahaifiyata ta haska fitila, ta ga wani abu ja mai laushi ya cika ƙofofin biyu, ta ce a kai ni asibiti. Ɗan'uwan mahaifin namu ya ce tsoron mata ne ke damunta, wane yaro ne bai taɓa yin haɓo ba, kuma ba za a ɓarnatar da kuɗin ɗan'uwansa ba. Zazzaɓi ya rufe ni, hancin ya soma wari, ina kwana a zaune domin ba na iya shaƙar iska, ita kuma tana zaune a gefena tana kuka a hankali don kada a ji ta a tsakar gida. Har yau idan na tuna yadda ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki yana cewa a dafa mini ganye in yi surace, raina yana ɓaci. Lokacin da aka yarda aka kai ni, mugunya ta riga ta cinye guringuntsin. Kumburin yana saɓewa sai karan hancin ya lotsa a tsakiya kamar sirdi, yara suka laƙaba mini suna, sunan ya bi ni har sakandare. Ɗan'uwan mahaifin namu bai taɓa cewa a yi haƙuri ba, har ya bar duniya yana cewa haka Allah ya halicce ni. Na yafe masa, amma ban manta ba.

Sai bayan shekaru likita ya yi mini bayanin abin da ya faru. Guringuntsin tsakiyar hanci ba shi da jijiyoyin jini na kansa, daga fatar da ta lulluɓe shi yake samun abinci. Idan jini ya taru tsakaninsa da wannan fata, cikin 'yan kwanaki kaɗan sai ya soma mutuwa, alhali da an ɗan tsaga wurin an fitar da jinin da wuri, da shi ke nan. Don Allah 'yan'uwa, duk wanda yaronsa ya bugu a hanci ya haska ciki da fitilar waya, idan ya ga kumburi mai laushi ya toshe hanya, a ranar za a je asibiti. Idan ƙashin ne ya goce, shi ma ana iya mayar da shi wurinsa a cikin mako ɗaya zuwa biyu, na yara ma ya fi saurin haɗewa, don haka ba a jira. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne.

Abin da ɗanki yake ciki na san shi sarai: bushewar maƙogwaro da asuba, mura da ba ta ƙarewa, ciwon kai, haɓo da zarar hunturu ya shigo da ƙurarsa, da gyangyaɗi a aji har malamai su ɗauka lalaci ne. Ki tambaye shi kuma a keɓe ko ana tsokanarsa, domin yaro ba ya faɗa, ni ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Game da aikin kuwa, iri biyu ne. Idan bangon ciki ne kawai ya karkace, ana yin wanda likitoci suke kira septoplasti, ta cikin ƙofar hanci ake shiga a daidaita shi, babu tabo a waje. Idan har siffar waje ta lalace kamar tawa, sai a haɗa da gyaran karan hancin, wani lokaci a ɗebo guringuntsi daga kunne ko haƙarƙari a tallafe shi. Nawa daga haƙarƙari aka ɗebo, kuma wurin ya fi hancin ciwo a farkon kwanakin. Galibi likitoci sun fi son a jira fuska ta gama girma, wato wajen shekara 15 zuwa 16 ga mata, 16 zuwa 18 ga maza, amma idan toshewar ta yi tsanani har tana hana yaro barci, sukan yi ɗan taƙaitaccen gyara tun kafin nan. Wannan hukunci na likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne bayan ya duba ciki da na'ura mai kyamara, don haka ko da za a ce ki jira, ki kai shi yanzu. Ki fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, idan ana bukatar a tura ku gaba akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda take duba hanci da maƙogwaro ma. Ki ce a duba tsokar bayan hanci da ta maƙogwaro, domin a shekarunsa su ma suna kawo minshari. Kada kuma wani ya ce miki beli ne a kira wanzami, cire beli ba ya buɗe hancin da ya karkace.

Za ki ji masu cewa wannan canza halittar Allah ne, ni ma an faɗa mini. Ki tambayi malamai labarin sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare masa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Mayar da abin da rauni ya ɓata daban yake da neman ƙarin kyau.

Ba zan ɓoye miki wahalar ba. Na farka daga aikin hancina a cushe, fuska a kumbure, ta baki nake numfashi, an hana ni fyace majina na kusan mako biyu, salla ma a zaune nake yi ina nuni da kai maimakon sujada. Akwai yiwuwar zubar jini, ko hujewar bangon, ko ya ɗan sake karkacewa, kuma siffar waje takan ɗauki kusan shekara guda kafin ta zauna. Amma daren farko da na yi barci bakina a rufe, maiɗakina sai da ta tashe ni domin shirun ya ba ta tsoro.

Kafin ku ga likita, idan kina ɗiga masa maganin buɗe hanci irin su Otrivin, kada ya wuce mako guda a jere, domin idan aka daɗe a kansa hancin yakan ƙara toshewa da zarar ƙarfinsa ya sake. Ruwan gishirin wanke hanci da ake sayarwa a kantin magani ya fi aminci, musamman idan iska ta fara bushewa. Ki ɗauki bidiyonsa yana barci ki nuna wa likita, ki kuma lura ko numfashinsa yana ɗaukewa na ɗan lokaci sannan ya zabura, domin idan haka ne bai kamata a sa ku cikin masu jira ba. Allah ya ba shi lafiya, ya sa a dace.