Shin Lens Ɗina na Canon Zai Yi Aiki a Kan GFX?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina ɗaukar hoto da Canon, kuma na tara lens guda huɗu masu bakin EF: 40mm, 50mm, 135mm da kuma mai zuƙowa 24-70mm. Ina da wani na Sony guda ɗaya, da wani tsohon Mamiya 645 mai 80mm da aka ba ni kyauta. Yanzu ina son komawa kyamara mai babbar sensa, wato midiyam fomat, kuma hankalina ya rabu tsakanin Fujifilm GFX 50S II da Hasselblad X1D. Kuɗina ba za su kai in haɗa da lens ɗinsu na asali ba a yanzu. Idan na sayi adafta, waɗannan da nake da su za su yi mini aiki? Ko hoton zai lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wasu za su yi, wasu za su yi rabi da rabi, guda ɗaya kuma da alama ba zai hau ba ko da wace irin adafta. Amma kafin mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ina so ka raba abu biyu da masu sayar da adafta suke son haɗe maka su wuri guda. Hawan lens a bakin kyamara daban, cika sensa (farantin da ke kama hoto a cikin kyamara) da haske daban. Na farkon aikin adafta ne. Na biyun kuwa tun ranar da aka ƙera lens ɗin aka gama maganarsa, adafta ba ta da ta cewa.

Mu fara da hawan, don shi ne mai sauƙi. Kowane lens an yi shi ne ya zauna a wata tazara ta musamman daga sensa ko fim. A Canon EF tazarar milimita 44 ce, a Nikon F 46.5, a Mamiya 645 kuma 63.3. Ita GFX tata 26.7 ce kawai, saboda babu madubi a cikinta. To adafta ba komai ba ce illa zoben ƙarfe da ke cike giɓin: na EF kaurinsa milimita 17.3, na Mamiya 36.6. Duk lens ɗin da tazararsa ta fi ta kyamarar tsawo, akwai wurin da zoben zai shiga. Wanda tasa ta gaza kuwa, sai dai a cusa shi cikin cikin kyamarar, abin da ba zai yiwu ba. Nan ne na Sony ɗinka ya faɗi, idan mai bakin E ne, domin tazararsa milimita 18 ce. Haka Nikon Z mai 16 da Canon RF mai 20. Ka cire shi daga lissafi, ko ka sayar ka ƙara a kuɗin wani abin.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Lens ba ya zubo hoto mai kusurwa huɗu. Da'ira yake zubowa, sensa ce ke yankar rabonta daga tsakiya. Sensar Canon ɗinka, idan ful firem ce, milimita 36 da 24 ce, daga kusurwa zuwa kusurwa kuma 43.3. Ta GFX da ta X1D kuwa kusan 44 da 33 ce, kusurwa zuwa kusurwa kusan 55. Ka ga ke nan kana roƙon lens ɗin da aka yi wa alkawarin cika 43 ya cika 55. Wasu suna da rarar da za su bayar, wasu ba su da ita, kuma kamfanin bai rubuta maka wannan a kwali ba, don bai taɓa yi maka alkawarin haka ba.

Ranar da na fara ɗora wani lens mai faɗin gani na ful firem a kan irin wannan kyamarar, na ɗaga ta sama na ɗauki sararin samaniya. Da na duba, tsakiya shuɗi tas, amma kusurwoyi huɗun baƙi ƙirin, kamar ina leƙen sama daga ƙasan rijiya. Na ce bari in tsuke ƙofar haske, wato ramin da haske ke bi a cikin lens, zuwa f/11 ko zai gyaru. Sai ma bakin duhun ya ƙara fitowa da kaifi, kamar an zana shi da alƙalami. Daga ranar na san duhun kusurwa iri biyu ne, kuma wannan bambancin shi ne abin da na fi so ka riƙe. Akwai mai laushi, wanda haske ke raguwa a hankali zuwa gefe. Shi yana sauƙi idan ka tsuke ƙofar haske, kuma manhajar gyaran hoto tana ɗaga shi, duk da cewa ɗagawar na jawo ɗan tsakuwa-tsakuwa a wurin. Akwai kuma mai tauri, inda haske bai isa wurin ba kwata-kwata. Shi ba ya gyaruwa, sai yankewa.

Har ila yau, haske ya kai kusurwa ba yana nufin hoton ya yi kyau a can ba. Sau da yawa za ka ga kusurwar a haske take, amma ganyen bishiya ya zama kamar an shafa shi da yatsa. A hoton fuskar mutum wannan ba ya damun kowa, don gefen dama a narke yake, wasu ma abin da suke nema ke nan. A hoton gini ko na fili mai nisa kuwa, aibi ne babba.

To naka fa? Ƙaramin 40mm f/2.8 ɗin nan na Canon yana cikin waɗanda suka yi suna wajen cika sensar GFX, kuma zai ba ka faɗin gani irin na 32mm a tsohuwar kyamararka. Lissafin shi ne ka ninka lambar da 0.79. Na 135mm ma ina sa ran zai faranta maka, domin yawanci dogayen lens sun fi rara, zai kuma zama kamar 107mm, daidai hoton fuska. Na 50mm ya danganta da wane ne a cikinsu, don Canon ta yi su iri-iri, sai ka gwada. Mai zuƙowar ne ba na sa wa rai. Irinsu sukan yi duhu mai tauri a ɓangaren faɗi, su ɗan washe a wani wuri, sai ka koma kana haddace inda yake yi da inda ba ya yi, alhali hankalinka ya kamata ya kasance a kan abin da kake ɗauka.

Ko wanda bai cika ba, ba a yar da shi. GFX tana da tsarin da take yanke hoton zuwa girman ful firem, sai ka tsira da megafiksel kusan 30 daga cikin 51. Amma ni ban cika son wannan ba, domin idan haka za ka riƙa yi kullum, me ya raba ka da Canon ɗinka? Abin da ya fi shi ne ka sauya siffar hoton. Idan ka zaɓi murabba'i, 33 da 33, da'irar da kake buƙata ta sauko kusan milimita 47. Haka dogon yankan nan na 65:24, shi ma kusan 47 yake nema. Lens da yawa da suka kasa cika 55 suna cika wannan cikin sauƙi, kuma ka ci moriyar tsayin sensar ko faɗinta gaba ɗaya.

Amma ka san wanda na fi yi maka murna da shi? Wannan tsohon Mamiya da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. An yi shi ne don fim mai kusan milimita 56 da 42, da'irarsa ta kai 70. Sensarka za ta zauna a tsakiyarsa ne, inda ya fi kyau, babu duhu, babu shafewa. Ka duba gabansa: idan f/1.9 aka rubuta, to ka riƙe shi da kyau, yana cikin mafiya buɗewa da aka taɓa yi wa kyamarorin fim na wannan girman. Idan f/2.8 ne, shi ma ba abin rainawa ba ne, ƙarami ne mai kaifi. Zai zama maka kamar 63mm. Duk dangin nan haka suke: Pentax 645, Hasselblad V na fim 6 da 6, da Pentax 67 wanda 105mm f/2.4 ɗinsa ya shahara a wurin masu hoton fuska. Saboda rarar da'irarsu har akwai adafta mai zamewa gefe ko sama, wadda masu hoton gini ke amfani da ita don kada bango ya karkace. Sai dai ka yi hattara da biyu. Na Mamiya RB67 da RZ67 yawancinsu ba su da zoben fokas a jikinsu, jikin kyamarar ne ke miƙewa, don haka sai adafta mai nata zoben. Na Contax 645 kuma lantarki ke sarrafa ƙofar haskensu, zoben ƙarfe zalla ba zai motsa ta ba.

Wannan matsalar ta lantarki ta shafi na Canon ɗinka kai tsaye. Lens na EF ba shi da zoben ƙofar haske, kyamara ce ke ba shi umarni. Don haka dole ka nemi adafta mai ƙwaƙwalwa, irin waɗanda Fringer, Viltrox, Kipon da Metabones suke yi, wadda za ta riƙa yi wa Fujifilm da Canon tafinta. Da ita za ka samu ƙofar haske, har da fokas mai sarrafa kansa. Kada dai ka sa ran saurin da ka saba. GFX 50S II, wadda ta fito a 2021, tana neman fokas ne ta hanyar lalube, ta yi gaba ta yi baya har ta ga inda hoton ya fi kaifi, su kuma yawancin lens na EF ba don wannan salon aka yi su ba. Samfuran megafiksel 102, tun daga GFX 100 ta 2019, su ne ke da ɗaya tsarin mai auna tazara kai tsaye, kuma a kansu adaftar ta fi sakewa. Mutumin da ya tsaya cak za ka same shi. Yaro mai gudu kuwa, sai an dace.

Batun zaɓi tsakanin kyamarorin biyu, a nan ba zan yi maka kwana-kwana ba: tunda da lens na aro za ka fara, ɗauki Fujifilm. Dalilin shota ne. GFX tana da tata a jikinta, labule mai buɗewa ya rufe a gaban sensa, don haka ko wane gilashi ka ɗora za ta ɗauka, kuma filasha na aiki har zuwa 1/125. X1D, wadda ta fito a 2016, ba ta da shota a jiki, a cikin kowane lens nata aka sa. Ka cire nata ka sa baƙo, sai dai shotar lantarki, wadda ke karanta sensar layi-layi daga sama zuwa ƙasa cikin kusan sulusin daƙiƙa. A wannan ɗan lokacin duk abin da ya motsa sai ya lanƙwashe, motar da ta gifta ta fito a karkace, hasken wasu fitilu ya bar zane-zane a hoton, filasha kuma babu ita. A kan maɗorin kyamara mai ƙafa uku, gaban dutse ko gini, tana yin aiki mai kyau ƙwarai. Kyamara ce da nake ƙauna, amma da nata lens ɗin.

Kada kuma ka yi wa adaftar rowa, ko da ta Mamiya ce marar lantarki. Na taɓa sayen wata mai araha, na yi mako biyu ina zargin wani lens mai kyau, don gefen hagu na kowane hoto ba ya fita. Sai wata rana ina riƙe da shi na ji yana ɗan girgiza a bakin zoben, kamar haƙori mai shirin fita. Ashe lens ɗin a sunkuye yake zaune, da ɗan abin da ido ba ya gani, amma sensa tana gani. Ka kuma haska tocila cikin zoben kafin ka saya. Idan cikin yana sheƙi, hasken da ya yi rara zai riƙa dawowa ya zuba wa tsakiyar hoton hazo, musamman da manyan lens na fim. Baƙi marar ƙyalli ake so. Idan lens ɗin mai nauyi ne, nemi adafta mai ƙafarta, kada bakin kyamara ya ɗauki kayan shi kaɗai.

Ranar da kayan suka iso, ka shiga saitin kyamarar ka kunna izinin ɗauka ba tare da lens ba, in ba haka ba za ta ƙi dannuwa da Mamiyan, don ba ta san yana wurin ba. Ka kuma rubuta mata tsawonsa, 80mm, saboda na'urar hana girgiza ta san gwargwadon yadda za ta motsa sensar. Sannan ka fita waje ka gwada kowanne a kan abu mai nisa, kada ka gwada a cikin ɗaki. Da'irar haske tana faɗaɗa idan ka yi fokas kusa, tana tsukewa idan ka yi nesa, shi ya sa lens zai iya yi maka kyau a kan teburi ya ba ka kunya a fili. Ɗauki hoto ɗaya ƙofar haske a buɗe, ɗaya a f/8, ɗaya da hular lens ɗin mai tare hasken gefe, ɗaya babu ita, don sau da yawa hular ce ke kawo duhun. Ka maimaita da na'urar hana girgiza a kashe, saboda idan da'irar ta cika da ƙyar, motsin sensar kan leƙa da kusurwa ɗaya cikin duhu. Sai ka buɗe su a babban allon kwamfuta ka je kusurwoyin kai tsaye, don ƙaramin allon bayan kyamara yakan ɓoye rabin abin.