Ka turo yaron Ghana, amma da fasfonsa na Najeriya

Alhaji, wa'alaikumus salam. Saƙonka ya iso tare da tambayoyin da ka jero a kan yaron da kake so ya zo jami'a a Ghana. Biyu daga ciki sun ɗan sosa mana rai a nan zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi a garuruwan Ghana, zan zo kansu. Bari mu gama da takardu tukuna, don su ne ke da wa'adi.

Babu JAMB a Ghana. Kowace jami'a da nata fom a intanet, kuma ɗan ƙasar waje da nasa ɓangaren daban, kuɗin fom ɗinsa ma da dala ake yanka shi. Jarrabawar WAEC ɗaya ce da taku, lissafin ne ya bambanta. A nan darussa shida ake ɗauka a tara makinsu, A1 maki 1, B2 maki 2, har zuwa C6 maki 6, kuma wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ne a gaba. Mai jimlar 6 ya kai ƙololuwa, D7 kuwa ba ya shiga lissafi. Kiredit biyar ɗin da yaro ke taƙama da shi a gida yana iya gazawa a nan, balle a likitanci ko lauya ko haɗa magunguna. In NECO ke hannunsa, a rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai a samu amsa a rubuce kafin a biya ko kwabo. Abin da ya fi ɓata wa 'yan Arewa lokaci kuma shi ne suna: Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar WAEC, Muhammadu a takardar haihuwa, ranar haihuwar ma kowace takarda da tata. A daidaita su tun a gida, da rantsuwar kotu in ta kama. Magatakardan nan bai san duk mutum ɗaya ba ne, kuma ba zai yi jayayya da kwamfutarsa saboda kai ba.

Manyan jami'o'in gwamnati ba su da matsalar amincewa: ta Legon a Akra da aka kafa a 1948, KNUST ta Kumasi, ta Cape Coast, da UDS ta Tamale. Inda ake cin kuɗin mutane shi ne ƙananan makarantun kuɗi da dillalai ke tallatawa a Kano da Kaduna. Wasu nagari ne, wasu bene ɗaya ne a saman shaguna. Hukumar kula da manyan makarantu ta GTEC, wadda aka kafa a 2020, ita ke ba da izini, kuma izinin iri biyu ne: na makarantar, da na kwas ɗin kansa. Makaranta tana iya zama da izini alhali kwas ɗin da aka ba yaronka nasa ya ƙare. Ka duba duka biyun a shafinsu, ka kuma tambayi sunan wace jami'a za a buga a kan digirin, don yawancin ƙananan suna ƙarƙashin wata babba ne. Ka san abin da ya faru a Janairun 2024, da Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. In yaro ya gama zai koma ma'aikatar ilimi ta tarayya a tantance takardarsa kafin bautar ƙasa, likita zai zana jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN, lauya kuma sai ya fara daga kashi na ɗaya a makarantar lauyoyi ta Najeriya. Duk wannan ya shiga lissafinka tun yau.

A kan iyaka ɗan ECOWAS ba ya bukatar biza. Fasfo da katin rigakafin shawara ake nema, a buga masa hatimin kwana 90. Yara da yawa a nan suke sakankancewa, su ɗauka hatimin ya isa har ƙarshen shekara. Bai isa ba. Kafin kwanakin su cika sai ya yi katin shaidar baƙi na hukumar katin shaida ta Ghana, NIA, wanda aka saba biyan dala 120 a karon farko da dala 60 duk sabuntawar shekara, sannan ya kai wa hukumar shige da fice katin, da takardar ɗaukarsa, da rasit ɗin kuɗin makaranta, da wasiƙar jami'a, a ba shi izinin zama na shekara. Da katin nan zai yi rajistar layin waya da asusun banki, kuma ba layi ba MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ba MoMo kuwa rayuwa a nan ta yi wuya. Wanda ya bar izininsa ya mutu, tara ce ke taruwa masa wata-wata, ranar da zai fita ta Aflao, iyakar Ghana da Togo, ko filin jirgi a nan zai gamu da ita. A dubi fasfon ma, kada a zo da wanda saura masa watanni kaɗan. 'Yan'uwanmu na Nijar su ƙara tambaya a ofishin jakadanci kafin su taso, tunda ƙasarsu ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025.

To, ga ta farko cikin biyun. Ka ce tunda ɗan waje da dala yake biya, ɗan ƙasa kuma da sidi, ko ba za a samu wani a zango ya ce ɗansa ne a yi masa katin Ghana ba. Alhaji, ba za mu yi ba, kuma ba rowa ba ce. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan Ghana ne, shi ma ɗan Ghana ne. In yaronka yana da wannan jinin, a bi hanya a fito fili, ƙasar ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu. In ba shi da shi, wanda zai tsaya masa rantsuwa zai yi a kan ƙarya, in ta tashi yaro ya rasa gurbinsa, mai rantsuwa ya gamu da hukuma. Amma abin da ya fi wannan: mu da kakanninmu aka haifa a Kumasi da Salaga, har yau in ɗan zango mai suna Abdullahi Garba ya je yin fasfo, sai an ƙara masa tambayoyin da ba a yi wa Kwame. Garinku ina? Kakanka daga ina ya zo? Kowane katin ƙarya da aka kama, a kan yaranmu na gaskiya ake huce shi. Tsofaffinmu ba su manta 1969 ba, da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Gidaje nawa aka sayar a wulaƙance, dangi nawa suka rabu, wasu suka koma Arewar da ba su taɓa gani ba. Ku ma kun rama a 1983 zamanin Shagari da aka kori 'yan Ghana daga Najeriya, jakar nan mai layi-layi tana nan tana ba da shaida. Mun san darajar takarda, shi ya sa ba ma wasa da ita.

Masauki kuwa, ɗan shekarar farko shi ya fi samun gado a cikin makaranta, daga shekara ta biyu yawanci sai ya nemi na waje. A Legon akwai masaukin ɗaliban ƙasashen waje, ga kasuwar dare a gefensa inda ake sayar da abinci. A KNUST ɗalibai sun cika Ayeduase da Kotei da Bomso, ɗaki na mutum ɗaya har na mutum huɗu, kuɗin shekara a dunƙule. Wanda ya nemi ɗaki a cikin gari, mai gida zai ce ya biya shekara ɗaya ko biyu gaba, duk da doka wata shida ta ce. Kada a tura kuɗi a kan hoto. A je a buɗe famfo a gani, a tambayi mitar wuta ta mutum nawa ce, don rigimar katin wuta ta raba abokai da yawa. Ka ce ko ya zauna a gidan wani a zango. Ƙofa a buɗe take, Madina ba ta da nisa da Legon, zangon Ayigya kuma yana daf da KNUST. Amma shawarata ya zauna kusa da aji ya riƙa zuwa mana Juma'a da ƙarshen mako. Zango ba ya barci da wuri, ga suna ga biki ga hira, kuma cunkoson motocin haya na trotro da safe yana cinye lacca ta farko.

Abinci ba abin damuwa ba ne. Kokon da Ghana duka ke karyawa da shi, da ƙosai, matanmu ke yi. Shinkafa da wake, tuwon zafi, fura, tsire, duk suna nan, mahauta kuma galibi namu ne. A gidan abincin da ba na Musulmi ba ne zai buɗe baki ya tambayi naman miya, don ana dafa alade da naman daji, kuma ba wanda zai ji haushin tambayar. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 ne cikin ɗari, saboda haka ya sani ba a Kano yake ba. Juma'a ranar aiki ce, ana iya sa lacca ko gwaji a lokacin salla, sai a je wurin malami da ladabi tun farkon zangon karatu, ko a bi ta ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA. Akwai masallaci a makarantun, sallolin idi biyu hutu ne na ƙasa, kuma 'yan mata na shiga aji da hijabinsu. Rigimar da kuke ji ta wasu makarantun sakandare na mishan ce. Ya koyi gaisuwa da Twi, harshen mutanen Asante, kada ya miƙa wa kowa abu da hagu, ya kuma rage murya. Ana yi wa 'yan Najeriya kallon masu hayaniya da kuɗi, har farashi akan ƙara musu in an ji harshensu.

Biyan kuɗi daban, rajistar darussa daban. Yaro ya biya a banki ya zauna, bai shiga shafin makaranta ya yi rajistar kwasa-kwasansa ba, ranar jarrabawa ya nemi sunansa ya rasa. Haka gwajin lafiya a asibitin jami'a, shi ma sharaɗi ne. A KNUST matsakaicin maki ake bi, 70 zuwa sama shi ne daraja ta ɗaya, a Legon kuma 3.60 cikin 4. In ya kira ka yana murna ko kuka, ka san da wane ma'auni yake magana. Kalandar karatu ta gurɗe tun korona, kada ka dogara da watan da wani ya fara shekarun baya, abin da takardar ɗaukarsa ta ce shi ne.

Ta biyun ita ce da ka ce kana tsoron ya dawo da matar da ba Bahaushiya ba, kuma wai an ce mu kanmu Hausar tamu ta gauraye. Gaskiya ce, ta gauraye. Mutumin zango zai ce "matana ya zo" bai ji komai ba, ƙ da ɗ sun sulale daga bakin yaranmu, ga Twi da Turanci a tsakiyar zance. Yaronka zai yi dariya a makon farko, mun saba. Amma ka tuna zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Mosi da Zabarmawa da Dagomba da Wangara da Kotokoli da Fulani da Yarbawa, duk Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci. Harshen da ya ɗauki wannan kaya sama da shekara ɗari dole ya goge a wasu wurare. Kakanninmu fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga, da yaƙin 1892 ya watsa garin suka bazu Kete Krachi da Kumasi da Akra. Alhaji Umaru na Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, a nan ya yi karantarwarsa da rubuce-rubucensa. A gidajenmu da yawa har yau akwai adakar kaka da wasiƙun ajami a ciki, an naɗe su da tsumma, ana fito da su in an yi baƙo daga Arewa ko zai gane sunan unguwar. Tafsirin azumi da Hausa ake yi a Nima da Fadama da Aboabo, yara na zuwa makarantar allo, ana kai lefe, ana raɗin suna ran bakwai, akwai sarkin zango da fadawansa. Abin da ke mana ciwo shi ne a Ghana a ce mana 'yan Najeriya, mu je Kano a ce ga 'yan Ghana sun zo.

Aure da 'yan ƙasa kuwa, da wa kake so fataken su aura? Da yawansu ba su zo da mata a ayari ba. Da wuya ka sami gidan da babu kaka Ba'asantiya ko Badagomba ko 'yar Ga, kuma su ne suka yi renon malaman da ake ji da su. Asante ta wajen uwa suke ƙirga dangi, mu ta wajen uba, sai yaro ya tashi da gida biyu kowanne na cewa nasa ne. Inda ake samun saɓani shi ne rabon gado, shi ya sa manya ke zama a fayyace komai kafin a ɗaura. In yaronka ya ga wadda yake so, 'yar zango ko waninta, ya faɗa maka, ka turo manya. Abin da ba ma so, kuma mun gani ba sau ɗaya ba, shi ne ɗalibi ya shekara huɗu yana cin tuwon gida yana yi wa yarinya alkawari, ranar da ya karɓi digiri ya canza layi. Wannan ka ja masa kunne a kai tun kafin ya taso.

In ta mota zai zo, hanyar Legas ce: Seme, Kwatano, Lome, sannan Aflao, iyaka uku, a kowace ya tabbata an buga masa hatimi, don wanda ya shigo ba hatimi ba shi da abin nunawa ranar neman izinin zama. Ta Yamai da Wagadugu ba ma ba da shawara a halin tsaron yanzu. Ya riƙo asalin takardunsa a jikinsa da kwafi uku-uku, da hotunan fasfo kamar goma sha biyu, da ɗan sidi na kwanakin farko kafin layinsa ya fara aiki. Agogonmu yana bayan naku da awa ɗaya. Ka turo ranar tasowarsa da lambar da zai riƙe a hanya, za a sami mai tarbarsa a tasha. A gaida mutanen gida.